Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha Ga Masu Sauran Ƙarfi

 Ya ku 'ya'yana da jikokina, samari da 'yan mata waɗanda har yanzu gwiwa ba ta fara yi muku tsami ba, ido kuma bai fara neman tabarau ba, ku ara mini kunnenku kaɗan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tambayar da wani saurayi mai ladabi, sabon ma'aikaci a unguwarmu, ya yi mini ranar da ya tsugunna gaishe mu a majalisa, ya ce, "Baba, ku dai kun huta, to me kuke yi da yininku tun da kuka ajiye aiki?" Na amsa masa a taƙaice saboda idon jama'a, amma tun daga ranar maganar take cina, domin na fahimci cewa shi da tsaransa suna hangen ritaya tamkar inuwar da matafiyi ke isa ya shimfiɗa buzu, alhali kuwa ita wata tafiya ce dabam, mai buƙatar nata guzurin, wanda in ba a ɗaure shi tun da sauran ƙarfi ba, babu inda za a same shi a hanya.

Yinin ɗan fansho yana farawa tun kafin assalatu, domin barci kan yi wa tsoho ƙaranci. In an idar da sallar asuba aka yi lazimi, sai a dawo gida a sha koko, a haɗiyi ƙwayar safe, a kunna rediyo a ji abin da duniya ta kwana a ciki. Da hantsi ya ɗaga, sai mu hallara a gindin darbejiyar ƙofar gidan mai unguwa, wani tsohon malamin makaranta, wani tsohon malamin gona, wani ya yi aikin jirgin ƙasa, wani ya tsufa a kan keken buga takardu. Kada ku zaci zaman baƙin ciki ne, a'a, akwai ni'imomin da ba mu sani ba sai yanzu. Mutum ya koma gaban malami ya ɗora daga inda ya tsaya a fiƙihu shekara arba'in da suka wuce, ya ɗauki jikansa a kafaɗa ya kai shi makarantar allo, ya halarci suna da ɗaurin aure da jana'iza ba tare da neman izinin kowa ba, a kuma kira shi sulhu in ma'aurata ko maƙwabta sun saɓa. Sai dai duk inda hira ta zaga, ko an faro ta daga damina ko daga farashin tumaki, ƙarshenta sai ta sauka a kan tambayoyi uku, su ne ko an biya, da nawa magani ya koma, da wane ne ba mu gani ba yau.

Ni na shiga aikin koyarwa a 1972, shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, na karɓi albashina na fari da fam da sule, kafin naira da kwabo su zo a farkon 1973. Ina cikin waɗanda suka ci kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawara a 1974, aka haɗa mana da ariyas na watanni aka danƙa mana a dunƙule. Wallahi na ga abin i'itibari a wannan lokaci, domin kasuwa ta cika da mu, mai sayen rediyo, mai sayen babur, mai ƙara aure, kuma kafin shekara ta zagayo 'yan kasuwa sun ɗaga farashi har ƙarin ya narke. 'Yan kaɗan daga cikinmu, waɗanda muke gani a lokacin kamar ba su san daɗin duniya ba, suka sayi fili ko gona ko 'yan shanu suka ba makiyayi amana, kuma su ne a yau, waɗanda Allah Ya bari da rai, ba sa jiran ƙarshen wata da faɗuwar gaba. Sauranmu mun dogara ne ga alkawarin hukuma, wanda ya ce duk wanda ya cika shekara 35 yana aiki, ko ya kai shekara 60 a duniya, za a sallame shi da giratuti, sa'an nan a riƙa ba shi fansho har ya koma ga Mahaliccinsa.

Alkawarin ba shi da aibi a takarda. Aibinsa shi ne ba a ajiye masa kuɗi a ko'ina ba, sai dai kowace shekara a jira kasafi, in an saka an biya, in ba a saka ba tsofaffi su yi ta haƙuri, har bashi ya taru ya gagari biya. Wannan ne dalilin da ya sa a 2004, zamanin Shugaba Obasanjo, aka kafa sabuwar dokar fansho ta karo-karo, aka naɗa hukumar PenCom ta sa ido, aka buɗe wa kowane ma'aikaci asusu da sunansa a hannun kamfanonin kula da fansho. Da fari ma'aikaci da mai ba shi aiki kowa yana zuba kashi 7 da rabi cikin 100, sai aka sake dokar a 2014, aka mayar da na ma'aikaci kashi 8, na mai aiki kashi 10. Ku da kuke ƙarƙashin wannan tsari, nasihata ta farko gare ku ƙarama ce ƙwarai, amma na ga waɗanda rashin kiyaye ta ya sa su kuka. Ku san sunan kamfanin da ke riƙe muku asusu, ku riƙe lambarku kamar yadda kuke riƙe lambar wayarku, ku nemi bayanin abin da ya shiga a kai a kai, domin akwai masu ba da aiki da kan cire kuɗin daga albashi su ƙi zubawa, kuma gyaran ɓarnar wata uku ya fi sauƙi nesa da gyaran ta shekara ashirin. Ku kuma tabbata sunanku da ranar haihuwarku iri ɗaya ne a kowace takarda, don harafi guda ya isa ya tsare wa dattijo haƙƙinsa shekara guda.

To, a nan ne maganar kasafin kuɗi ta shigo, maganar da na lura matasa kan kau da kai daga gare ta, suna ganin sha'anin manya ne da masu lissafi. Ku sani kasafi shi ne wurin da hukuma take faɗin gaskiyar abin da ke ranta, domin a bakin magana kowane mai neman ƙuri'a yana ƙaunar tsofaffi, amma in aka zo rabon abin da ke cikin baitulmali, nan ake gane wanda aka sa gaba da wanda aka bari a baya. Kundin tsarin mulkinmu, a sashe na 173 da na 210, ya wajabta a sake duba fansho duk bayan shekara 5, ko duk lokacin da aka ƙara wa ma'aikata albashi, amma sau nawa aka cika wannan a kan kari? Ma'aikatan tarayya da suka fara aiki kafin 2004 suka ƙarasa a sabon tsari sun sha zama fiye da shekara guda bayan ritaya ba su karɓi kwabo ba, saboda haƙƙinsu na shekarun baya yana jiran gwamnati ta saki kuɗi, har ta kai a 2025 majalisar zartarwa ta amince a ci bashin naira biliyan 758 don a sauke wannan nauyi. A gefe guda kuwa, majalisun jihohi da dama sun yi wa tsofaffin gwamnoni dokar fansho mai tsoka ba tare da jinkiri ba, ko da yake ta Zamfara ta soke tata a 2019. Wanda aka ɗora wa gyaran fansho ma, Abdulrasheed Maina, sai da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke masa ɗaurin shekara 8 a Nuwamban 2021 a kan kuɗin da ya haura naira biliyan 2.

Ni da kaina na tsaya a layin tantancewa tun daga hantsi har la'asar, a farfajiyar wani ofishi da babu inuwa babu kujera, muna riƙe da takardun da suka girmi ma'aikatan da ke duba su, don mu tabbatar da cewa muna raye. A gabana akwai wani dattijo da 'ya'yansa biyu suka tallabo, ba ya iya tsayuwa, aka shimfiɗa masa tabarma a jikin bango. Ban yi fushi da yaran da ke bayan tebur ba, domin umarni aka ba su, kuma na san akwai sunayen matattu da ake cin kuɗi da su, dole a tace. Abin da ya sosa mini rai shi ne tunanin cewa kowane ɗayansu, in Allah Ya ja kwanansa, zai tsaya a wannan layi, amma babu alamar hakan ya taɓa ɗarsuwa a zuciyarsa.

Duk wannan kuwa share fage ne ga abin da ya fi damuna, wato lafiya. An kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da dokar 1999, ta fara aiki sosai a 2005, kuma tsarinta ga ma'aikaci shi ne a duba shi da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, ya biya kashi 10 kawai na kuɗin magani. Amma an gina wannan tsari ne a kan albashi, saboda haka ranar da albashi ya yanke, katin ma'aikacin farar hula yakan mutu tare da shi. Ku yi tadabburi a kan wannan, ya ku 'ya'yana. Mutum yana da kariya a shekarun da zazzaɓi kaɗai ke kai shi asibiti, sa'an nan a janye ta daidai lokacin da hawan jini da ciwon suga da sanyin ƙashi da yanar ido da matsalar fitsari suka yi masa sallama, waɗanda kuwa cututtuka ne na zama, ba irin waɗanda ake sha musu magani kwana uku a warke ba. Mai hawan jini zai haɗiyi ƙwaya kullum har ƙarshen ransa, mai suga zai yi ta awon jini, wanda ƙodarsa ta gaza kuwa wankinta sau biyu ko uku a mako yana iya cinye gida da gona cikin 'yan watanni. A ƙasarmu fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fita. Da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma saki naira ta faɗo daga wajen 460 a kan dala har ta haura 1,500 a farkon 2024, sai kuɗin magani ya ninka, tun da yawancinsa ko kayan haɗa shi daga waje ake shigo da su, fansho kuwa bai kamo shi ba.

Abin da tsofaffi ke yi a irin wannan hali na san shi, domin a gabana ake yi. Wani ya raba ƙwaya biyu don ta kai shi wata, wani ya sha yau ya tsallake gobe, wani ya daina gaba ɗaya da zarar ya ji kansa ya bar ciwo, yana zaton ya warke, alhali hawan jini ba ya yin sallama kafin ya kayar da mutum. Wani aminina, wanda muka fara aiki shekara ɗaya, haka ya yi ta yi a ɓoye, don kada ya ɗora wa 'ya'yansa nauyi, har wata safiya aka tarar ɓarin jikinsa ya shanye. Abin da 'ya'yan suka kashe a mako biyun farko ya ishe shi maganin shekaru. Yanzu mu muke zuwa gidansa mu yi majalisa a zaurensa duk ranar Juma'a, yana jin duk abin da ake faɗa, amma harshe ya yi nauyi.

Ba wai shugabanni ba su san da matsalar ba ne. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a cikin gidanmu, suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, amma na tarayyarmu a mafi yawan shekaru yana tsakanin kashi 4 da 6, abin da ake biya na bashi kuwa ya ninka shi sau da yawa. Dokar lafiya ta 2014 ta ce a cire akalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, sai a kasafin 2018 aka fara sakawa. A Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu don masu rauni, har da tsofaffi a cikinsu, jihohi kuma, irin su Kano, sun kafa nasu hukumomin karo-karo. Dokoki ke nan masu kyau, amma ku koyi bambance abubuwa uku da ake cakuɗa wa talaka, wato abin da doka ta ce, da abin da aka rubuta a kasafi, da abin da aka saki a zahiri ya isa ɗakin shan magani na ƙauye. In ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a da buhun shinkafa da atamfa, ku tambaye shi cikin ladabi nawa aka saki daga kason lafiya a bara, kuma me ya ce a zauren majalisa game da katin asibitin 'yan fansho. Ku kuka fi yawa a rumfar zaɓe, mu kuwa kullum raguwa muke yi.

Wasu al'ummu sun riga mu shan wannan gwagwarmaya. A Jamus, Bismarck ya kafa fanshon tsufa a 1889, ya sa shekarun karɓa 70, a zamanin da ma'aikata kaɗan ne ke kai wa haka. A Amurka sai a 1965 Shugaba Johnson ya sa hannu a dokar Medicare, mai ɗaukar nauyin jinyar 'yan shekara 65 zuwa sama, ya kuma miƙa katin farko ga tsohon Shugaba Truman, wanda ya nemi irin wannan tsari shekara ashirin kafin nan aka kayar da ƙudurinsa, kuma har gobe duk lokacin kasafi sai an yi ta ja-in-ja a kan tsarin. 'Yan'uwanmu mazauna zango a Kumasi da Ankara za su ba ku labarin cewa inshorar lafiyar Gana, wadda aka kafa a 2003, ta yafe wa ɗan shekara 70 kuɗin shekara. Amma mu Musulmi ba mu da buƙatar zuwa nesa neman hujja, domin malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya tarar da wani tsoho Bayahude makaho yana bara don ya biya jiziya, sai ya kama hannunsa, ya ɗauke masa jiziyar, ya kuma yanka masa abin ci daga baitulmali shi da ire-irensa, saboda yana ganin zalunci ne a ci ƙuruciyar mutum a yar da shi in ya tsufa. Idan wannan shi ne haƙƙin wanda ba Musulmi ba a daular Musulunci, ina ga wanda ya ƙarar da idonsa a gaban allo yana koyar da 'ya'yan jama'a?

Na san a cikinku akwai mai cewa arziki na Allah ne, gobe ma ta Allah ce, tanadi kuma rauni ne na tawakkali. Lalle arziki na Allah ne, amma Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda babu mai shakkar tawakkalinsa, shi ya umarci mutanen Masar su adana hatsin shekarun yalwa a cikin zangarniyarsa saboda shekarun fari. Akwai kuma mai ƙyamar kalmar inshora, kuma gaskiya ne malamai sun yi magana a kan ta kasuwanci saboda garari da riba. Sai dai asusun da jama'a ke zuba wa kuɗi don a yi jinyar wanda ya kwanta a cikinsu yana kusa da abin da Manzon Allah ya yaba wa Ash'ariyyawa, waɗanda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa wuri ɗaya su raba daidai, a kan wannan asali ne ma aka gina takaful. Iyayenmu mata da suke adashi, da ƙauyawa da suke gayya, sun san wannan hikima tun kafin a zo da takarda da lamba.

Kada kuma ku manta cewa mu masu kukan jinkirin fansho gata ne da mu, domin mafi yawan tsofaffin ƙasar nan ba su taɓa ganin takardar albashi ba. Manomi da maƙeri da ɗan dako da tsohuwa mai tuyar ƙosai ba su da ranar ritaya, sai ranar da jiki ya ƙi. An buɗe wa masu sana'ar hannu ƙaramin tsarin fansho a 2019, wanda mutum zai riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, kuma ina shawartar duk mai tela ko kabu-kabu ko shago ya bincika shi, amma har yau fanshon talaka na haƙiƙa shi ne 'ya'yansa. Gidajen gandu da suka riƙe kakanninmu sun watse, ɗa yana Legas, 'ya tana aure a Abuja, tsoho da tsohuwa sun rage su biyu a gidan da a dā yake cike da hayaniya.

Saboda haka, ɗana, wannan karon in ka je gida, kada ka tsaya ga gaisuwa daga bakin ƙofa da ajiye abin cefane. Iyaye suna da kara, in ka tambayi mahaifinka lafiyarsa zai ce maka alhamdu lillahi ko da bai runtsa ba daren jiya, mahaifiyarka kuwa ta fi shi iya ɓoyewa. Ka zauna, ka ce, "Baba, a nuna mini ledar magani," ka ƙirga ƙwayoyin, ka dubi ranar da aka saya, lissafi zai gaya maka abin da bakinsa ya ƙi faɗa. Ka rubuta sunayen magungunan a wayarka, ku haɗu da 'yan'uwanka ku yanka wa kowa abin da zai riƙa bayarwa duk wata kafin ya taɓa albashinsa, ka je ofishin hukumar inshorar jiharku ka tambayi yadda ake sa tsoho a ciki, sa'an nan ranar da likita ya ba shi, ka nemi izini a wurin aiki ka raka shi, ka shiga ɗakin tare da shi, domin akwai abin da likita zai faɗa wanda kunnen tsoho ba zai riƙe ba. Saurayin nan da ya yi mini tambaya, da muka sake haɗuwa bayan sallar isha'i na gaya masa kaɗan daga wannan, ya yi shiru, can sai ya ce rabonsa da garinsu tun ƙaramar salla. Jiya da safe na hange shi ya rataya jaka ya nufi tasha.